Aikin tsibirin agwada a tafkin Lagdo, inda muka kwana

12 ga Oktoba 2024

Salamu alaikum jama'a. Masu kirana suna tambayar ina aka kwana a zancen tsibiri sun yi yawa, ga reso, wato sabis ɗin waya, a bakin ruwa sai a hankali, shi ya sa na ce bari in riƙa rubutawa a nan duk sanda aka samu wani motsi, mai so ya karanta.

Ga wanda bai san zancen ba, mu samari ne na bakin tafkin Lagdo, yawancinmu 'ya'yan masunta. Duk shekara daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Satumba hukuma na rufe su don kifi ya yi ƙwai ya hayayyafa, kuma wallahi dokar daidai ce, ba ni da ja a kai, amma wanda bai zauna a gidan masunci a watannin nan uku ba ba zai gane yadda tukunya ke yin sanyi ba. Bashi ake ci wajen dillalan kifi, in an buɗe ruwa su saya a farashin da suka ga dama, wasu kuma su saci jiki da dare su jefa raga. To mu abin da muke so shi ne mu riƙa kai baƙi yawon ganin namun daji a wani tsibiri mai duwatsu lokacin rani, kuɗin da aka samu a ajiye wa watannin rufe ruwa.

Tafkin nan ba na kaka da kakanni ba ne. 'Yan China ne suka gina madatsar a kan kogin Binuwai daga 1977 zuwa 1982, injuna 4 masu ba da megawat 72, ruwa ya kwanta a fili mai faɗin wajen murabba'in kilomita 586. Tsibiran da kuke gani kawunan tsaunuka ne da ruwa ya kewaye, dabbobin da suka hau sama a lokacin su ne suka hayayyafa a can. Akwai wanda kowa ya sani, Île aux Damans, wato tsibirin agwada da Faransanci, mutanen Garwa na zuwa can hutun ƙarshen mako. Namu daban ne, ya fi nisa sosai, kuma akwai zangon masunta a gefe ɗaya. Sunansa ba zan rubuta ba da gangan, don ba masu son kallo kaɗai ke karanta abu a waya ba, maharba ma na karantawa.

3 ga Nuwamba

Mun je gaban Sarkin Ruwa da dattawan zango, Kawu ne ya shige mana gaba tunda shi ke da jirgin inji kuma shi suke jin nauyi. Da na gama bayani tsohon ya yi shiru can ya ce, "Yaro, dorinar da ke yaga mana raga tana kifar da kwale-kwale, ita kake cewa za ta ciyar da mu?" Na ce ranka ya daɗe, yagar raga dai tana yi ko da baƙo ko babu baƙo, in baƙo ya biya don ya gan ta aƙalla an samu na ɗinki. Aka yi dariya, amma bai amince nan take ba, sai da ya kafa sharuɗɗa: kada a ɗauki hoton matan zango sai da izininsu, kada a kawo giya tsibirin, kuma asusun kuɗin ya zama a hannun mutum uku, ɗaya cikinsu mace. Na ƙarshen nan ni ya fi min daɗi don matan su ke banda su ke sanin abin da ya rage a rumbu.

Takardar izini daga meri, wato ofishin magajin gari, tana hanya. Rigunan ruwa mun samo na hannu a Garwa, ba su kai yadda muke so ba amma ba wanda zai hau jirginmu babu ita.

24 ga Nuwamba

Yau zan ɗan tsawaita don kwana muka yi a tsibirin, muka hau dutse tun kafin rana ta fito, kuma abin da na gani ya cancanci a faɗa.

Agwada, wasu su ce rema. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka gafiya ce ta yi ƙiba ba wutsiya, nauyinta bai wuce kilo 4 ko 5 ba. Da asuba ba ka ganin ko ɗaya, duk suna cikin tsaguwar duwatsu a cunkushe suna ɗumama juna, don jikinsu ba ya riƙe ɗumi sosai kamar na sauran dabbobi masu shayarwa. Rana na taɓa kan dutsen sai ka ga kai ɗaya ya leƙo, sai wani, kafin ka ankara falalen ya cika, kowa ya shimfiɗe ciki yana shan hantsi, 'ya'ya na hawa bayan iyaye suna zamowa. Ba sa fara kiwo sai jiki ya yi zafi. Akwai babba guda da ke zama a can ƙololuwa ba ya ci ba ya kwanciya, ido na sama, da wata mikiya ta gifta ya yi wani kuka mai kaifi guda ɗaya tak, wallahi kafin in sauke abin hangen nesa daga idona dutsen ya zama wayam.

Wata ta zo kusa da inda na laɓe har ina ganin tafin ƙafarta, baƙi ne mai laushi da ɗan damshi, shi ke kama dutse ta hau inda ko akuya ba ta gwadawa. Yatsu huɗu a gaba uku a baya, a tsakiyar gadon bayanta akwai wani ɗan tabon gashi mai launi daban da ke miƙewa in ta tsorata ko faɗa ya tashi. Haƙoran sama biyu dogaye ne masu tsini, ba sa daina tsiro. Masana sun ce a duk dabbobin da ke raye danginta na kusa su ne giwa da ayu, da na faɗa wa Kawu ya ce "kai ɗan nan, boko dai ba ya rasa magana", amma da na nuna masa haƙoran a hoton da na ɗauka ya daɗe yana kallo.

Abin da ya fi damuna kuma ya fi muhimmanci ga aikinmu shi ne haihuwarsu. Ɗan abin nan cikinsa wata 7 zuwa 8 ne, sau ɗaya a shekara, 'ya'ya biyu ko uku galibi. Ɓera kafin nan ya cika gida. Wato in wani ya shigo da kare da tarko ya yi sati guda a nan, sai an yi shekaru kafin dutsen ya dawo yadda yake, kuma tsibiri ne, babu inda wasu za su fito su cike gurbin.

Mun kuma gano dabarar sanin inda suke zama ba sai an gan su ba: wuri ɗaya suke kashi da fitsari, fitsarin ya bushe ya bar farin zane a jikin dutse, daga cikin jirgi ma ana hangowa. Da shi muka zana taswirar gidajensu a littafi.

15 ga Disamba

Matsalar da ban yi tsammanin za ta zama babba ba ita ce itace. Gefen zango tsibirin ya zama ƙwal, kututture kawai, duk an sare an yi bandar kifi, yanzu gatari ya fara hawowa wajen duwatsu, inda ɓaure da sauran itatuwan da agwada ke cin ganyensu in ciyawa ta bushe suke.

Na je wajen Inna, babbar masu banda, tana juya tarwaɗa a kan waya hayaƙi na shiga idonta. Na fara magana ta katse ni, ta ce "ɗana, in ban banda shi ba kafin la'asar ya ruɓe, da me zan yi, da ruwan tafki?" Gaskiyarta. Ba ƙanƙara a nan, ba kuran, wato wutar lantarki. Karfasa da giwan ruwa masu tsada ne kawai ake gudu da su kasuwa ɗanye. Ba za ka je ka ce wa mace ta daina sana'arta saboda wata dabbar dutse ba, ni kaina ba zan yarda a faɗa wa uwata haka ba.

Abin da muka tsayar shi ne mu gwada murhun banda irin na Ghana da ake kira Chorkor. Ginin laka ne mai kusurwa huɗu da ƙaramar ƙofar wuta, a jera faifan waya masu katangar katako ɗaya kan ɗaya har sama a rufe, hayaƙi da zafin da ke tserewa a buɗaɗɗen murhu sai su bi ta cikin duka jerin. Itace kaɗan, kifi mai yawa a lokaci guda. Laka akwai ta kyauta, waya da katako ne kuɗi. Inna ta ce a gina guda a gefen nata, in kifin ya fito da launin da dillalai ke so to, in ba haka ba kada mu sake tayar mata da zancen.

29 ga Disamba

Baƙinmu na farko! Wani ma'aikaci ne daga Garwa da iyalinsa da abokinsa da ya zo hutu daga Yawunde. Ga masu tambayar hanya, daga Garwa a bi titin Ngaundere a karya hagu zuwa Lagdo, kilomita 60 da 'yan kai, daga bakin ruwa kuma sai jirgi, a fito da sassafe kafin iska ta tashi.

A hanya muka iske garken dorina a wani lungu mai ciyawa, kunnuwa da hanci kawai a saman ruwa. Kawu ya kashe inji daga nesa. Abokin nan ya dage a matsa kusa wai hoton bai fito ba, har ya ce zai ƙara kuɗi. Kawu ya ce "Alhaji, yi haƙuri, ko jirgin za ka saya ba na wuce nan." Ana cikin haka babban ya wangale baki, yaran suka yi ta murna wai yana hamma, sai da na gaya musu wannan gargaɗi yake yi mana. Dorina na iya yin minti 5 a ƙarƙashin ruwa, wadda ka gani a gabanka ba ka san inda za ta ɓullo ba, nauyinta na iya haura tan ɗaya da rabi, mai ɗa kuwa ba ta da wasa ko kaɗan. Duk wanda ya girma a bakin Binuwai ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda ita.

A tsibirin ma sai da aka yi 'yar jayayya biyu. Yaran sun so ba agwada biskit, muka hana, don in suka saba sai su daina kiwo su riƙa bin mutane, kuma dabbar da ta daina tsoron mutum maharbi ba ya wahala a kanta. Sannan suka so wanka a gaɓa, nan ma muka hana saboda tsargiya, ƙwayar cutar na fitowa daga jikin ƙananan katantanwa a ruwa maras gudu ta shiga ta fata, yaranmu na bakin ruwa da yawa na fama da fitsarin jini. Na ji tsoron za su tafi da fushi tunda hani ya yi yawa, amma matar ta zauna kusan awa guda a gindin dutse tana kallon wata uwa da 'ya'yanta, da za su tafi ta ce za ta turo 'yan ofis ɗinsu. Ledoji da robobin ruwa duk mun dawo da su.

19 ga Janairu 2025

Hazo ya hana mu fita sati guda, ba ka ganin gaban jirgi, mun mayar wa mutane kuɗinsu.

Da ya washe wani ɗalibi daga makarantar koyon kula da namun daji ta Garwa, wadda aka buɗe tun 1970 kuma ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama, ya biyo mu da littafin tsuntsaye. A tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya, ya ce mu ma mu koya. Kirinjijiya garke-garke, dinya, zalɓe, balbela ba adadi, da wasu ƙanana masu dogon baki a bakin taɓo da ya ce daga Turai suke zuwa gudun sanyi su koma kafin damina. Ya koya wa yaranmu biyu yadda ake ƙirga garke goma-goma maimakon ɗai-ɗai. Ƙaramin cikinsu ko firamare bai gama ba amma idonsa ya fi na kowa, shi zai riƙe littafin tsuntsaye daga yanzu.

9 ga Fabrairu

Raina a ɓace yake. Mun iske tarkunan waya a bakin ramuka a gefen arewa, ɗaya da gawar uwa a ciki, wayar ta shige wuya, ga alamar nono. 'Ya'yan ban gan su ba. Akwai sawun kare da tokar wuta.

Ba mutanen zango ba ne, wasu ne suka yada zango kwana biyu suka wuce. Samari sun so a bi su, Sarkin Ruwa ya hana, ya ce shi zai aika wa sarakunan ruwa na sauran zanguna, duk jirgin da aka gani da kare ya nufi tsibirin a juya shi. Mu ba mu da bindiga ba mu da kaki, ba kuma hukuma ce ta ayyana wurin gandun daji ba, abin da ke tsare shi maganar dattawa ce kawai da idon masu kwana a can.

Wani ya rubuto min wai duk wannan hayaniya a kan naman miya. Ɗan'uwa, a ƙasar nan tamu ta arewacin Kamaru aka yi wa baƙar karkandar yammacin Afirka gani na ƙarshe, a 2006 aka bi daji aka nema ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ta ƙare a duniya. A farkon 2012 mahaya dawakai suka shigo gandun Bouba Ndjida suka kashe ɗaruruwan giwaye cikin 'yan makonni. Gandun dajin Waza da Turawa ke cika a da, tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a kusa da can a 2013 masu jagora da masu masauki suka rasa abin yi. Manyan sun tafi ko suna tafiya muna ji muna gani, ba abin da talaka ya iya. Wannan ƙaramar ita ce a hannunmu.

16 ga Maris

Azumi, zafi ya haura 40, baƙi sun ɗauke ƙafa, mu ma mun rage fita. Ruwa ya ja baya sosai, inda muke ɗaure jirgi ya zama taɓo sai an taka. 'Yan'uwanmu na Yola da Makurdi sun san Lagdo ne da ambaliya in an buɗe ƙofofi kamar 2012 da 2022, mu kuma a nan mun san shi da watan da ruwa ke ƙasa kuran na ɗaukewa a Garwa.

Ciyawa ta tsiro a inda ruwa ya bari, dorina ta fara hawowa kiwo da dare kusa da zango, tana iya cin kilo 40 a dare ɗaya. An gaya wa yara ba fita bayan isha, kuma kada kowa ya shiga tsakaninta da ruwa.

Labari mai daɗi: murhun Inna ya yi. Ta ce damin da a da ke ƙarewa a yini yanzu yana kwana, kifin ya fito ja mai sheƙi, idonta ma ya huta. Mata biyu sun ce a gina musu. Gefen duwatsu an shata da farin fenti, daga nan zuwa sama ba sara.

13 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. Satin Sallah mutane sun yi mana yawa har muka yi sawu uku a rana guda, kuma abin da ya biyo baya shi ne muka yi ta gardama a kai jiya har dare. Ranar da aka yi sawu ukun agwada ba su fito kiwon yamma ba sam, washegari ma rabin falalen babu kowa, ga hayaniya ga waƙa a waya ga yara na jifa. Dabbar da ke kiwo na ɗan lokaci safe da yamma, in ka hana ta ɗaya a tsakiyar bazara da ganye ya yi ƙaranci ka cuce ta.

Ni ra'ayina jirgi ɗaya a rana, a iso da safe a zauna nesa a bar wurin kafin azahar, Juma'a kuma a huta gaba ɗaya. Wasu cikinmu sun ce ina jin daɗi ne, ga kuɗi na zuwa ana korarsa, Yuli kuma ba ta jira. Ban ga laifinsu ba, akwai mai mata da ciki a cikinsu. Amma mutanen nan ba dutse suke biya su gani ba, in falalen ya zama wayam ba mai sake sayen esans, wato man fetur, ya zo. Kawu ne ya raba, ya ce a bi nawa zuwa ƙarshen Mayu, a ɗan ƙara kuɗin kujera ga masu zuwa daga nesa, 'yan makarantar Lagdo kuma a kai su kyauta sau ɗaya a wata don su ma su san abin da ke cikin ruwansu.

An buɗe asusu a gaban kowa. Bayan esans da gyaran inji da waya da katakon murhu, abin da ya rage ba zai riƙe zango wata uku ba, ko kusa. Inna ta ce kada a raba kuɗi a hannu, a sayi masara yanzu kafin ta hau a zuba a rumbu ɗaya, a fara da gidajen zawarawa da masu marayu in an rufe ruwa. Kowa ya yarda, gobe za a je kasuwar Ngong a ji farashi.

Abin da ya rage kafin ruwan sama: murhu biyu na matan nan, ƙarin rigunan ruwa na yara ƙanana don waɗanda muke da su sun yi musu yawa, da dashen itace a gefen zango da zarar ƙasa ta jiƙa, irin muna tarawa a ledoji a bayan gidan Kawu. Takardar meri har yau ba ta fito ba, Laraba zan koma. In akwai mai abin hangen nesa da ba ya amfani da shi a Garwa ko Marwa ya taimaka mana, guda ɗaya ne muke karɓa-karɓa da shi tsakaninmu da baƙi.